Katangar Baba a Ƙarshen Lungu

Baba ya rasu ranar Talata bayan azahar, ana yayyafi. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Kafin la'asar an gama wanka da sutura, sai makara ta ƙi fita daga gidan da ya gina da hannunsa.

Ni ta taga nake leƙe da goyo a bayana, don mu mata iyakar rakiyarmu ke nan. Gidanmu shi ne na ƙarshe a wani dogon lungu a Gyaɗi-Gyaɗi. Wanda ya turo ƙofa ba zai ga tsakar gida ba, katanga zai ci karo da ita, ta fi namiji tsawo, kaurinta kuwa kaji kan jeru a kai su sha hantsi. Sai ya yi dama taku uku, ya sake yin hagu, sannan ya ga mutane. Mutum ɗaya na wucewa lafiya lau. Makara kuwa ba ta lanƙwasuwa. Aka gwada ta kai, aka gwada ta ƙafa, aka karkata har liman ya ce a yi hattara. Daga ƙarshe benci aka kawo da duro, maza huɗu suka hau, aka miƙa Baba ta saman katangarsa kamar ana miƙa kaya a tasha.

Wani daga dangin Inna, matar Baba, ya ce ƙasa-ƙasa, Allah ya jiƙan Malam, ko tafiyar ƙarshe sai da ya sa aka sha kwana. Na ga mutum biyu sun toshe baki suna danne dariya. A ɗakin Inna ma da aka zauna makoki zancen ke nan. Kowace mai gaisuwa in ta gama "ya haƙuri" sai ta tuno abin da katangar ta taɓa yi mata, wannan ta ɓarar mata da miya, waccan ta goge mata leshi ranar suna. Wata maƙwabciya ta ce mutumin kirki ne, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, sai dai aikin nakiya ya ɗan taɓa shi. Ta taɓa gefen kanta da yatsa. Ba wanda ya musa. Ni ma ban musa ba, ina can ina zuba wa baƙi ruwa.

Wanda ya fi kowa kuka a maza, aka ce mini, mai shagon gas ne na bakin lungu, mutumin da kowa ya ɗauka shi ne abokin gabar Baba.

Washegari Yaya, babban ɗan Baba, ya tsaya a tsakar gida ya ce in an yi arba'in za a sauke katangar nan, kunyar jiya ta isa. Mijina ya ce hakan ya yi, da ma Adaidaitarsa a waje take kwana, sau biyu ana cire masa batir. Ni kuwa sai na waiwayi ɗakina. Bayan katangar babu komai sai tagar ɗakina, inda 'ya'yana mata uku ke kwana. Gabanta kuma, in ka miƙe lungun ɗoɗar, tukwanen gas ne jere.

Ban yi boko mai nisa ba, a aji huɗu na tsaya, sai Islamiyya. In rubutun ya karkace a yi haƙuri. So nake kawai kada a wayi gari abin da aka sani game da Baba shi ne makara ta saman katanga.

Baba wan mahaifin mijina ne. Mahaifin ya rasu a wurin aiki tun mijina yana ciki. Iyakar abin da aka gaya mini ke nan da aka kawo ni, kuma shi ma iyakar saninsa ke nan. Baba ya karɓe shi tun yaye, ya riƙe shi cikin 'ya'yansa, ya yi masa aure, ya yanka mana ɗaki biyu a gidan. Saboda haka surukina ne, kuma shekara tara da na yi a gidan ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na hango shi sai in durƙusa, in gaishe da ƙasa, shi kuma ya amsa wa bango.

Aikinsa fasa dutse da nakiya. Ya fara a fili, wuraren da ake fasa tsakuwa, daga baya ya koma ramukan da ake hudawa a cikin duwatsu don ruwa ya bi, can wajen Filato. Kunnensa na hagu a can ya bar shi. Shi ya sa in zai saurare ka sai ya juyo da dama kamar kaza na kallon sama, in zai yi magana kuma har masu shago na ji.

Yana da halaye da yara ke kwaikwayo in ya ba da baya. In aka bugo ƙofa da ƙarfi, ko tsawa ta faɗi, bakinsa buɗewa yake da kansa, ya hangame kamar mai hamma. Ya ce haka ake yi don kada kunne ya fashe. Bai taɓa zama saitin ƙofa ba, ko a masallaci, sai gefe. In ya ga yaro tsaye a bakin ƙofa sai ya ce, "Kauce daga saiti." Kuma yana ƙirga mutane. In za a tafi biki sai ya tsaya a soro leɓɓansa na motsi, in an dawo ya sake. Wata rana aka dawo daga Unguwa Uku, ta tsakiyata ta yi barci a kafaɗar gwaggonta an lulluɓe ta da mayafi, ya ƙirga ya ga babu ɗaya. Na ga tsohon nan ya dafa bango, sai da aka yaye mayafin aka nuna masa fuskarta. Bai yi dariya ba. Ya ce a wurin aikinsu wanda ya ƙirga tara ya ce goma, shi ne mai kisan kai.

Tun da ba ma magana, ta bakin yara muke yi. Babbar 'yata yake kira uwargida, ta tsakiya amarya. Zai ɗora uwargida a cinya, tun ba ta iya cewa komai ba, ya ce da ƙarfi, "Uwargida, ki gaya wa uwarki kunun jiya ya yi, amma ta rage tsamiya." Ni kuma daga kicin in ce, "Ki ce da Baba an ji." Yarinyar na ta tsotsar yatsa. Da haka muka yi hira ta shekaru. Da haka ya gaya mini in daina rufe tagar baya ko ana sanyi, ya ce iska baƙuwa ce da ba a tsarewa, in ta shigo a bar mata ƙofar fita. Da haka ya sa aka cire gilashin tagata aka sa katako, ni ina ta ƙunƙuni a raina don gilashin nan shi ne adon ɗakina.

Shekara huɗu ke nan aka buɗe shagon ɗura gas a bakin lungunmu. Lungun da ma siriri ne, gefe guda katangar makaranta, gefe guda bayan shaguna, Adaidaita ɗaya ce ke wucewa. Da damina ta zo masu shaguna suka haɗa kai suka rufe fiye da rabinsa da kwano saboda kayansu. Kowa ya ji daɗi, mun samu inuwa. Baba ya fita ya tsaya a ƙofar gida, ya kalli tsawon lungun, ya kalli rufin, ya daɗe. Ranar bai ci tuwo ba.

Ya je wurin mai unguwa, aka ce masa mai shago na da takarda. Bai yi rigima ba. Sai ya koma kullum da hantsi yana tafiya shagon da ruwan sabulu a tsohuwar robar lemo, yana shafa wa bakin tukwane yana duba kumfa, yana shinshinawa. Da fari mai shagon, wani saurayi da ya zo daga ƙauye neman abinci, ya ɗauka sa ido ne, har ya ce da shi, Baba ko hukuma ce ta aiko ka? Daga baya shi ke ajiye masa kujera. A gefe.

Wata ranar Asabar ina tsince shinkafa a ƙofar ɗaki, ya fito da dogon bututun roba irin na famfo da faranti cike da toka. Ya zaunar da uwargida, lokacin tana shekara huɗu. Ya ajiye farantin nesa kaɗan ya hura da baki, tokar ko motsi. Ya sa bakin bututun ya hura daga wancan ƙarshen, sai ga toka ta tashi ta baɗe yarinyar har gira. Ta yi ta ƙyalƙyala dariya. Sannan ya ɗauko gwiwar bututu, wadda ake juya ruwa da ita, ya haɗa biyu, ya sake hurawa. Tokar ta ɗan girgiza kawai.

"Uwargida, ki gaya wa uwarki," ya ce, "ba wutar nake tsoro ba. Wuta ana ganin ta a gudu. Iskar da ke gabanta ce. A fili watsewa take, ta yi gabas ta yi yamma ta gaji. A rami ba ta da wurin zuwa sai gaba. Kuma in ta tarar da ƙarshe a toshe, sai ta tara ƙarfinta duka a nan. Ki tambaye ta, wa ke kwana a ƙarshen lungun nan?"

Shinkafar ce na ga ta koma biyu-biyu a idona.

Sati bai zagayo ba ya fara ginin. Bai sa magini ba. Shi ya haƙa, shi ya kwaɓa siminti, yana da shekara saba'in da wani abu. Yaya ya zo ya yi magana, Inna ta yi mita har ta gaji, mijina ya ce yanzu ta ina zai shigo da Adaidaita. Baba ya juya musu kunnen hagu. Haka yake yi in ba ya son zance, kuma kowa ya sani.

Gaskiya da fari na ji daɗi, don ni mai tsoro ce tun asali. Ko tukunya ce ta faɗi sai na duba yara. Amma ɗan Adam, abin da ya tsare ka yau shi zai gundure ka gobe. Shekara ta wuce babu abin da ya fashe, ta biyu ma haka. Katanga dai na nan, tana tare mana iska da zafi, tana tare haske, mai ruwa ba ya iya shigo da kura sai dai mu yi ta jido a jarka. Matan unguwa suka sa wa gidanmu suna gidan kwana-kwana. Na fara jin kunya.

Sai ranar haihuwar autata. Naƙuda ta zo mini da tsakar rana, da ƙarfi, faya ta fashe tun ina ɗaki. Mijina ya kawo Adaidaita ƙofar gida, amma dole in taka da ƙafata in zagaya katangar. Inna na riƙe da ni ta nan, ƙanwar mijina ta can, wurin kuma ba ya ɗaukar mutum uku a jere. Ciwo ya turnuƙe ni a daidai kwanar, na zame, gefen cikina ya bugi kusurwar bulo. Baba na tsaye a gefe da buta a hannu. Na ga kunnen hagu ne ke wajena, ko dai haka na zata. Na ce, "Allah ya isa tsakanina da katangar nan. Tsoro ya haukata tsoho, mu kuma muna shan wahala."

Inna ta matse mini hannu. Ashe Baba ya riga ya juyo da kunnen dama.

Na haihu lafiya, yarinyar ma lafiya. Na dawo gida, aka yi suna, ya yanka rago, ya yi huɗuba, ya yi duk abin da kaka ke yi. Amma saƙo ya ɗauke. Wata biyu ba a ce uwargida ki gaya wa uwarki ba. In na aika kunu yana sha, a dawo da kwano wanke. Ban san shiru na da nauyi haka ba sai lokacin.

Wata safiya na fito zan kai yara Islamiyya, sai na ga kusurwar da ta buge ni ta canja. Ya farfashe kaifinta, ya shafe da siminti ta yi sumul kamar gindin tulu. Ya kuma kafa ƙarfen famfo a jikin katangar, tun daga farkon kwanar har ƙarshe, daidai ƙugun mace. Abin dafawa. Ya naɗe shi da tsohon tayan keke don kada ya yi zafi da rana. Na tsaya na dafa, na kasa tafiya, har amarya ta ja mini hijabi ta ce za a dake su in sun makara.

Da yamma na kira uwargida, na ce ta je ta ce da Baba Umma ta ce don Allah ya yafe mata. Na sa ta maimaita sau uku. Ta tafi da gudu. Ina leƙe ta labule, na ga ta hau cinyarsa, ya zaro dabino daga aljihu, ta karɓa ta hau ci. Da ta dawo na ce kin faɗa? Ta ce ta manta, amma Baba ya ce gobe zai kawo mata aya. Na ce zan sake aika ta. Kullum sai in ce gobe. Bayan kwana biyu saƙo ya dawo da kansa, ya ce a gaya wa uwarki jaririyar nan tana kama da kakanta, wato ƙanensa, har goshin. Na ɗauka magana ta wuce. Wata bakwai bayan nan ya zauna alwala jiri ya ɗebe shi, kwana uku a asibiti, shi ke nan. Ban nemi yafiyar ba.

Ranar sadakar bakwai wani tsoho ya zo, Kirista ne ɗan Filato, yana zaune wajen 'yarsa malamar makaranta a Tarauni. Tare suka yi aikin rami da Baba, ya san Inna tun tana amarya, shi ya sa aka yi masa iso har ciki. Da ya fito daga gaishe ta, sai ya tsaya a kwanar katanga. Ya shafa ta, ya ƙwanƙwasa da sandarsa, ya leƙa lungu, ya waiwayo ya kalli tagata. Na kawo masa kujera da ruwa. Ya tambaye ni wa ke kwana a ɗakin nan. Na ce ni da yara, matar ɗan ƙanen marigayi ce ni.

Ya ce, "To. Ai dole."

Ya ɗauka na sani, shi ya sa ya yi ta zuba. Ya ce Baba ne ya kai ƙanensa aikin rami, sati ɗaya da barowarsu aikin fili. A fili doka ɗaya ce, in an sa wuta ka yi nisa, wanda ya fi nisa ya fi tsira, kuma Baba ya shekara goma yana wannan ba a taɓa samun ko ƙwarzane a hannunsa ba. A rami kuwa ana sassaƙa 'yan ɗakuna a gefe, a nan ake fakewa. Ranar da abin ya faru su uku ne a ciki. Ɗakin fakewar na kusa da inda aka dasa nakiya, taku talatin ko ƙasa da haka. Baba ya dubi kusancin, ransa bai kwanta ba. Ya ce da ƙanensa, kai matarka na da ciki, ba za ka tsaya nan ba, miƙe ka yi can nesa, har bakin ƙofa. Ƙanen ya ce an ce fa a shiga ɗaki. Baba ya daka masa tsawa, ya ce ni ne wanka ko su? Ƙanen ya tafi. A bakin ramin akwai ƙofar ƙarfe, a rufe take.

Tsohon ya ce da ƙura ta lafa suka fito, jini na bin kunnen Baba, amma yana tafiya da ƙafarsa. Suka yi ta kira. Suka same shi zaune ya jingina da ƙofar, hularsa ma na kansa. Babu ƙuna, babu ko tsakuwa ɗaya da ta taɓa shi. Sai ɗan jini a hanci. Baba ya yi ta girgiza shi yana cewa tashi mana, ai ka yi nisa.

Ban san sanda na zauna a ƙasa ba. Tsohon ya dube ni, ya dubi ƙofar ɗakin Inna, sai fuskarsa ta canja.

"'Yata, ashe bai faɗa ba?"

Na girgiza kai.

"Ko yaron?"

Na sake girgizawa. Ya daɗe yana juya kofin a hannunsa. Ya ce, "To ni ma ban faɗa ba. Tsufa ne ya sa bakina ya yi sako-sako. Ki rufa wa abokina asiri, shekara kusan arba'in yana ɗauke da shi." Ya miƙe, ya dafa ƙarfen nan har ya fita.

Daga ranar na rasa sukuni. Kwana talatin da uku ina juya abu ɗaya. In na faɗa, na san ba mai ɗaga guduma a kan katangar nan, ko Yaya. Amma faɗar na nufin in dubi mijina in ce mutumin da ya riƙe ka, wanda kake kuka a kansa har yanzu in ka ga butarsa, shi ya tura mahaifinka inda ya mutu. Kuma in faɗa a gaban 'ya'yansa, ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Na gwada Inna. Na shiga da sunan kai mata goro, tana takaba, na ce Inna, baƙon nan ya yi mini wani zance. Ba ta ɗago ba. Ta ce abin da mai shi ya rufe har ya koma ga Allah, ba ita za ta buɗe ba, kuma ba ta ji na ce komai ba. Ta ci gaba da jan carbi.

Ana jibi arba'in suka taru a tsakar gida, Yaya da ƙannensa da mijina. Mijina ba shi da gado a gidan, kowa ya sani ko da ba a faɗa, amma ba a ware shi ba. Na kawo abinci ina ajiyewa, sai Yaya ya ce to an gama magana ke nan, ko akwai mai ja? Saura kaɗan in faɗa. Na dubi mijina, yana zaune ya ɗora hular Baba a gwiwa, don shi aka ba. Na durƙusa na ce, "Yaya, ni dai yara nake ji."

Ya ce, "Allah ne ke tsarewa, ba bulo ba."

Gaskiya ya faɗa. Na ce haka ne, na kwashe tire na koma kicin.

Leburori uku aka kawo, suka ce kafin azahar sun gama. Kwana uku suka yi. Ashe katanga biyu ce, ya cika tsakaninsu da yashi, kowane ramin bulo ya ɗura masa kankare, ga rodi ya saƙa kamar kwando, gindinta kuma ya nutse ƙasa har ƙugu. Babban cikinsu ya zauna yana duba tafin hannunsa da ya ɗuri ruwa, ya tambayi wanda ya yi ginin. Aka ce mai gidan ne, ya rasu. Ya ce Allah ya jiƙansa, amma wannan ba don ɓarawo ya yi ta ba. Ƙarfen dafawar suka fara cirewa, wani ɗan gwangwan mai sayen tsofaffin ƙarafa ya saye.

Kowa ya ce gida ya yi haske. Gaskiya ne, ya yi. Iska na shigowa, mai ruwa na turo kurarsa har bakin randa, Adaidaita na kwana a ciki. Ni kuma in na zauna a bakin gadona na ɗaga labule, ina ganin lungun tun daga nan har titi, ina ganin tukwanen, ja da shuɗi, har da hannun mai shagon yana murɗa su. Da safe nakan ji tsiii ɗin gas in yana ɗurawa. Da can ban taɓa ji ba.

Na kwashe katifar yara na kai sito, inda Baba ke ajiye kayan aikinsa, don shi ba ya saitin lungu. Wurin zafi, ga sauro. Na hana su wasa a tsakar gida. Na daina cin abinci sosai, nono ya ragu, auta ta yi ta kuka. Mijina ya yi haƙuri sati biyu. Ranar Juma'a ya dawo daga masallaci ya tarar na daki amarya don kawai ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon masu wucewa. Ya aika yaran ɗakin Inna, ya ce in zauna. Ya ce ko ciwon Baba ne ya koma kaina, in gaya masa a nemi magani.

Sai na gaya masa. Duka, yadda tsohon ya faɗa, har hular da ke kai. Na faɗa a ranar da faɗar ba za ta tsayar da ko bulo ɗaya ba.

Bai katse ni ba. Da na gama ya tashi ya fita tsakar gida, ya tsaya daidai inda gindin katangar yake, sabon simintin ya fi sauran fari. Ya kalli lungun. Na zaci fushi zai yi, da ni ko da mamacin. Ya daɗe, har aka fara kiran la'asar. Sannan ya dawo ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata, abin da bai taɓa yi ba.

"Ashe shi ya sa bai taɓa dukana ba," ya ce. "Yaya ya sha bulala, su duka sun sha. Ni ko tsawa. In na yi laifi sai ya dube ni ya fita. Duk shekarun nan na zata don ba shi ya haife ni ba ne."

Ya kifa kansa a gwiwata. Namiji mai 'ya'ya uku. Ban hana shi ba, ni ma nawa nake yi.

Shi ya ce in rubuta, ya ce asirin da ya sa ake kiran Baba mai taɓin hankali ba rufi ba ne. Ya je ya gaya wa Yaya da bakinsa. An ce Yaya ya kwana biyu bai fita kasuwa ba. Katanga dai ta riga ta zama tsakuwa, an cike ramin kwata da ita. Mun samu ɗaki biyu a Darmanawa, ƙofarsu na kallon fili, ƙarshen wata za mu tashi. Inna ta ce ita ba inda za ta, amma ta yarda ta koma ɗakin gefe.

Baba, yau ba ta bakin kowa zan faɗa ba. Ka yafe mini.

Wanda ya karanta, ina roƙonsa Ƙulhuwallahu ƙafa uku ga mutum biyu, wa da ƙane. Allah Ya yalwata musu makwanci, Ya sanyaya, Ya haɗa su a inda wa ba zai ƙara ce wa ƙanensa ya yi nisa ba.